Rarar Yatsu Huɗu

A unguwar babu mai kiranta da sunan da aka raɗa mata. Mai Buhu ake ce mata, kuma ba buhu take sayarwa ba. Tela ce. Shagonta ɗan ƙarami ne, a maƙale tsakanin mai gyaran rediyo da mai gawayi, a bakin hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. A ciki akwai keken ƙafa guda ɗaya, tebur da almakashi ya cinye masa baki, dutsen guga, da igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan inda ake rataye abin da aka gama. Shekara ashirin da shida tana ɗinka wa 'yan matan unguwar kayan makaranta, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun yarinya ɗaya da ta sa rigar ranar farko ta yi murna ba.

Ga yadda take yi. Za ta auna yarinya tsaf, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo, ta rubuta da alli a jikin yadin. Sai ta yanka da yalwa, ta bar rarar yatsu huɗu a kowane gefe ta ninke a ciki, ƙasan rigar kuma ta yi masa kalmasa hawa uku. Riga ta fito da nauyi, gefenta da kauri, yarinya ta shiga ciki ta ɓace. A nan ake yin kuka, a nan uwa take cewa, "Haba Yaya, wannan ai buhu ne." Ita kuwa ko kai ba ta ɗagawa daga keken, sai ta ce, "Ki dawo baɗi ki sake faɗa."

Baɗi in ta zagayo, yarinya ta ƙara tsawo da jiki, sai a dawo da rigar. Mai Buhu ta ɗauki reza ta warware hawa ɗaya, ta saki gefen kaɗan, ta bi da guga. Yadin da ya shekara a ninke bai ga rana ba, bai sha wanki sosai ba, don haka launinsa ya fi na sauran duhu, sai wani layi ya fito a ƙasan rigar. Da layin nan take gane 'yan mata ko daga nesa ne. Mai layi ɗaya ta yi shekara, mai biyu ta kusa, mai uku kuwa ta kai ƙarshen makarantar da ƙafarta. Yaran sun tsani layin nan kamar me, suna cewa yana tona musu asiri cewa tsohuwar riga ce.

Mace ce mai saurin hawa, bakinta ya fi almakashinta kaifi, kuma ba ta iya lallashi ba ko kaɗan. Mutane da yawa sun ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffin teloli. Kaɗan ne suka san cewa ita ma ta taɓa zama 'yar makaranta.

Shekararta goma sha uku lokacin da rigarta ta fara matse ta a ƙirji da hammata. In ta ɗaga hannu a aji sai ta ji zare yana ƙara, sai ta daina ɗagawa, ita da ta fi kowa son amsa tambaya. Wata safiya tana wucewa ta gaban mazan da suke zama a benci bakin titi, wani dattijo da ya yi jika da ita ya ce da ƙarfi, "Wannan ai ta fi ƙarfin makaranta." Aka kwashe da dariya. Washegari ta ce kanta yana ciwo. Jibi ta ce ciki ne. Mahaifiyarta ta ce a bari ƙarshen wata a ɗinka sabuwa, wata ya ƙare, wani ya kama, kowa ya saba ganinta a tsakar gida tana wanke-wanke. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Aka fara sallama a ƙofar gida. Babu wanda ya dake ta, babu wanda ya ɗaure ta. Tambayarta aka yi, ta ce to, don ta gaji da idon mutane. Kafin ta cika goma sha huɗu tana ɗakin miji.

Mijin mai gyaran famfo ne, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Haihuwarta ta fari ta yi kwana uku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha, daga nan kuma ba ta sake samun ciki ba. Shi ya saya mata keken don ta rage zaman shiru, bayan wasu shekaru ya rasu ya bar ta da shi. Ba ta da abin faɗa a kansa sai alheri, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi, don duk faɗin rayuwarta babu mutum ɗaya da za ta nuna da yatsa ta ce ga mugun da ya cuce ta.

Tana da ƙane, direban motar ɗaukar kaya, shi kuma yana da 'ya. Tun yarinyar tana rarrafe a shagon ba ta da magana sai tambaya. Me ya sa zare yake fitowa ta ƙasa, me ya sa guga take huci, me ya sa Gwaggo ba ta da yara. Haka sunan Meyasa ya bi ta har makaranta. Mai Buhu ta ɗinka mata nata buhun kamar kowa, har ta kai ga layi ɗaya.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo unguwar da farar mota, wai za su yaƙi aurar da ƙananan yara. Aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera kujeru, aka manna hotuna a bango. Tsakani da Allah sun faɗi maganganu masu kyau, Mai Buhu tana daga can baya tana gyaɗa kai. Daga ƙarshe matar da ta jagorance su ta ce za a raba wa 'yan mata arba'in kayan makaranta kyauta, an ɗinko su a wani babban shago a cikin gari mai kekunan lantarki. Ta ɗaga guda ɗaya sama aka yi tafi. Rigar ta yi kyau, ba ƙarya, tsaf da ita kamar a hoto.

Mai Buhu ta ratso tsakanin kujeru, ta karɓi rigar daga hannun matar, ta juya ta ciki waje.

"Ina rarar?" ta ce.

Matar ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. "Mama, ai kowace yarinya an auna ta daidai jikinta."

"Daidai jikinta na yau. Na baɗi fa? Yaran nan 'yan sha biyu ne da sha uku, ba gumaka ba ne. Kin taɓa ganin 'yar sha uku da ta tsaya yadda take?"

Daga gefen maza wani ya ce, "Mai Buhu, faɗi gaskiya dai, an hana ki aikin ne!" Rumfar ta ɗauki dariya. Matar ta ce za su rubuta shawararta, amma biron yana hannunta ko murfinsa ba ta cire ba. Aka jera yaran aka ɗauki hoto, kowacce ta yi fes, motar ta tashi.

Meyasa tana cikin arba'in ɗin. Ranar da ta zo shagon tana juyi don Gwaggo ta gani, Gwaggo ta wanke ta tas, ta ce kwaɗayin kyauta ne zai kai ta ya baro, ta ce mata marar tunani a gaban mutane. Yarinyar ta fita da hawaye, daga ranar ta canza hanya, ta riƙa zagayawa ta bayan kasuwa. Uwarta ta aiko da tsohon buhun, wai a yi tsumman goge keke. Mai Buhu ba ta yi tsumma da shi ba, ta rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Wannan faɗan laifinta ne, ta kuma sani, amma girman kai ya hana ta bin yarinyar.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni. Kowace safiya tana kan keke tana kallon masu wucewa, ta ga abin da ta san za ta gani. 'Yan mata suna rungume littattafai a ƙirji. Wata ta sa rigar sanyi ana tsakiyar zafi. Wata tana tafiya a duƙe kamar ta yar da wani abu. Sannan layin masu wucewar ya fara raguwa. Da yake Meyasa ba ta bin hanyar, ba ta san cewa har da ita a cikin waɗanda suka daina fita ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi matar ƙanen nata ta shigo da leda, ta zazzage yadi kala uku masu tsada a kan tebur.

"Yaya, ɗinki na kawo. Na 'yarki ne."

"Wane sha'ani ake yi?"

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara bakin ledar. "Baƙi ne za su zo Asabar ta sama. Ɗan mai shagon kayan gini. Yaro ne mai hankali, Yaya, kowa ya shaide shi."

Mai Buhu ta ɗauke ƙafa daga keken. "Makarantar fa?"

"Ai yau sati biyar ba ta je ba. Wallahi ba mu muka hana ta ba. Ita ta ce ta gaji. Kuma kin san bakin mutane, suna ta cewa yarinya ta cika, zama da ita haka ba dabara ba ce."

"Mayar da yadinki cikin leda. Almakashina ba ya cin wannan. Wuce mu je ki nuna min rigar."

Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar rasuwa. A gidan ta sami rigar ƙungiyar a ƙudundune a ƙarƙashin katifa. Hammatar ta farke, an kama ta da zaren da bai dace da launin ba, ɗinkin yarinyar da ta yi a ɓoye. Ta juya ta ciki waje. Ko faɗin farce babu, an datse yadin dab da zare. Meyasa tana zaune a bakin gado, ta rame, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba.

Da la'asar ƙanen nata ya ajiye mota ya zauna a bencin mai shayi, inda mazan layin suke taruwa suna kallon mai zuwa da mai tafiya. Nan ta same shi, da rigar a hannu ɗaya, tef ɗin awo a rataye a wuya.

"Yaya, lafiya?" ya ce yana ƙoƙarin tashi.

"Zauna. Da kai da su duka nake." Ta baza rigar a kan teburin shayin, ciki a waje. "Wane ne a cikinku ya ce 'yar ƙanena ta isa aure?"

Aka dubi juna. Sai wani mai aski a cikinsu ya yi gyaran murya. "Mu dai abin da ido ya gani muka faɗa. Yarinya ta girma."

"Ido ya ga me? Riga ya gani ta matse. An ɗinka wa 'yar sha uku riga ba rara, ta kai sha huɗu, riga ta gaza, ku kuma da gemunku da furfurarku kun bar jaki kuna dukan taiki. Riga ce ta yi laifi, yarinya za a fitar daga makaranta?"

Kafin ƙanen ya ankara ta zagaya masa tef a ciki, a gaban kowa. Ta karanta lambar da ƙarfi. "Wannan tumbin naka sau huɗu ina sakin rigarka saboda shi. Wa ya taɓa ce maka ka fi ƙarfin mota, ka ajiye ta ka zauna a gida?"

Mai shayi ya fashe da dariya har ya zubar da ruwan zafi, wasu suka taya shi. Ita ba ta yi ba.

"Ku yi dariya. Haka aka yi min, a irin wannan bencin, da irin wannan bakin. Ku duba ni da kyau, ga abin da dariyar ta haifa. Kuna nan zaune kuna shan shayi, yaran da kuka haifa suna wucewa a duƙe saboda idonku, ko kunya ba ku ji."

Dariyar ta mutu. Ƙanen ya cire tef ɗin daga jikinsa a hankali, ya miƙa mata. Fuskarsa ta canza, don shi ne ɗan yaron da ya bi ta yana kuka lokacin da aka kai ta ɗakin miji, kuma shi ya raka mahaifiyarsu asibiti da ƙafa ranar da aka ce ɗan bai zo da rai ba.

"Yaya, ni ban ce dole ba," ya ce. "Ita ta ce ba za ta koma ba. In ta ce za ta koma, ni da kaina zan je in ba mutanen nan haƙuri. Amma da bakinta za ta faɗa."

Washegari da safe uwar ta turo Meyasa shagon. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Mai Buhu ta sauko da tsohon buhun daga ƙusa, ta kakkaɓe shi, ta shimfiɗa a tebur.

"Akwai sauran hawa biyu a cikinsa. Gefen ma ban taɓa rabinsa ba. Zai kai ki har ki gama."

"Ba zan sa ba, Gwaggo."

"Za ki sa."

"Ba zan wuce ta gabansu ba. Ko me na sa sun riga sun faɗa. 'Yan ajinmu ma sun ji. Gara kawai a yi abin nan kowa ya huta."

Faɗa ya taso wa Mai Buhu har maƙogwaro. Ta tuna abin da faɗan bara ya jawo, ta haɗiye shi da ƙyar. Ta jawo aljihun teburin keken, can ƙarƙashin tsofaffin maɓallai da guntayen zif, ta fito da wani ƙunshi. Wata 'yar riga ce ta makaranta, ta koɗe har ba a gane launinta na asali, hammatarta a farke.

"Tawa ce," ta ce. "Ita na cire ban sake sawa ba. Da Inna ta rasu muka buɗe akwatinta, na gan ta a ƙasa. Lokacin na yi shekaru ina ɗinki, ina yi daidai jiki kamar kowane tela. Hannun tela kuwa in ya riƙe riga sai ya juya ta. Juya ki gani."

Meyasa ta karɓa ta juya. A kowane gefe akwai yadi a ninke, faɗin yatsu huɗu, a ƙasa kuma kalmasa mai kauri. Launinsa yana nan shuɗi shar, kamar jiya aka yanko shi daga kanti. Telan da ya ɗinka ta, wanda ko sunansa Mai Buhu ba ta sani ba, ya bar mata wurin girma na shekara biyu ko uku.

Yarinyar ta daɗe tana shafa yadin da ɗan yatsa. Sannan ta ɗago.

"Me ya sa ba a warware ba?"

Rabon da a ji wannan tambayar a bakinta an yi watanni.

"Babu wanda ya juya ta. Gidanmu mutum goma sha ɗaya ne, kowa ya kalle ni, babu wanda ya kalli rigar. Aikin minti goma ne da reza." Ta yi tsaki. "Minti goma, 'yar nan. Kin ga shekara arba'in ɗin da na biya."

Ta ɗauko reza daga kan tebur. Maimakon ta kama aikin kamar yadda ta saba, sai ta miƙa wa yarinyar.

"Ungo. Da hannunki za ki yi, don kada wata rana ki zauna jiran wani ya juya miki riga. Ki sa bakin a ƙarƙashin zaren, ba a kan yadin ba. A hankali, marar tunani, za ki huda min aiki."

Ranar Litinin Meyasa ta biyo ta hanyar shagon da buhunta mai layi biyu, littattafanta a hannu, ba a ƙirji ba. Da ta zo daidai bencin mai shayi ba ta zagaya ba. Mai aski ya ƙura wa kofinsa ido kamar an rubuta masa wasiƙa a ciki. Da yamma uban ya je ya ba mai shagon kayan gini haƙuri, yadin nan kala uku kuma uwar ta ɗinka wa kanta a wurin wani telan.

Kafin sati ya ƙare yarinyar ta jawo ƙawayenta huɗu, kowacce da tsohon buhunta da aka tono daga ƙasan akwati, suka zauna a ƙofar shagon da reza tana nuna musu inda za su sa baki. A cikin arba'in ɗin da aka ɗauka a hoto, bakwai ba su dawo ba, don an riga an kai su ɗakin miji. Mai Buhu ta san gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ta san faɗin kafaɗar kowacce, kuma har yau in aka ambaci farar motar nan sai ta tsayar da keke ta yi faɗan da ya fi na ranar taron. Ta ji an ce hoton yana nan a rataye a ofishinsu.

Da ƙawayen suka watse, Meyasa ta ga 'yar tsohuwar rigar har yanzu tana kan tebur. Ta ɗauka, rezar tana hannunta.

"Gwaggo, in warware taki ma?"

Mai Buhu ta karɓe ta, ta ninke yadda take, rarar tana ciki, ta mayar cikin aljihun tebur ta tura.

"Tawa ta makara," ta ce. "Je ki wanke taki, gobe akwai makaranta."